Littafin matuƙi da littafin jirgi tsakanin takarda da na'ura mai ƙwaƙwalwa: nazari daga filin jirgin Arlit

0. Gabatarwa

Wannan ƙasida tana magana ne a kan wani irin rubutu da masu nazarin harshe ba su cika waiwaya ba, wato littattafan da matuƙan jirgin sama da makanikai suke cikawa bayan kowace tafiya. Tun farkon shekarun 2000 ake ta ɗauke waɗannan littattafai daga takarda ana mai da su cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, kuma masu sana'ar ba su daina muhawara ba a kan wanda ya fi. Galibi muhawarar takan tsaya ga sauƙi, da kuɗi, da nauyin jaka. Mu a nan za mu bi ta wata hanya. A ganinmu littafin jirgi shaida ce a rubuce, saboda haka tambayar da ta kamata a yi wa kowane tsari ita ce: yana nuna wanda ya faɗi magana da lokacin da ya faɗe ta, kuma wanda nauyin maganar ke kansa zai iya fito da ita bayan shekaru? Mun ɗauki Arlit a matsayin wurin gwaji domin nisa, da zafi, da sauyin masu kamfani duk sun haɗu a can.

1. Arlit da jirgin sama

Uraniyom ne ya kafa Arlit. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da ma'adini a 1971. COMINAK ya biyo baya a 1974, ramin Akuta ya fara aiki a 1978, garin Akokan kuma ya tashi a gefensa. Wutar da ke juya injinan tana zuwa ne daga gawayin SONICHAR na Cirozerin. Daga Agadas zuwa Arlit kimanin kilomita 240 ne, daga Yamai kuwa kimanin 1.200 ta hanyar mota, ko kusan 800 a miƙe ta sama. Duk da hanyar uraniyom da aka shimfiɗa daga Tawa a ƙarshen shekarun 1970, ma'aikaci mai gaggawa, da ƙarfen inji da ake jira, da majinyacin da asibitin garin ya kasa, jirgi suka dogara gare shi.

Filin Arlit ƙarami ne, lambarsa ta duniya DRZL, ta Agadas DRZA, ta Yamai DRRN. Jirgin da ya sauka can yana nesa da babban garejinsa. Idan wani abu ya taso, abin da aka rubuta a littafi shi ne zai haɗa matuƙin da ke Arlit da makaniken da ke Yamai, mutane biyu da mai yiwuwa ba za su ga juna ba a ranar.

2. Littattafan da ake magana a kansu

A baki mutanen filin jirgi sukan ce «karne» kawai, daga kalmar Faransanci «carnet», kamar yadda ake cewa karnen asibiti. Amma kalmar ta rufe abubuwa da yawa, kuma sai an raba su kafin a gane muhawarar.

2.1. Littafin matuƙi

Wannan shi ne «carnet de vol». Na mutum ne, yana binsa daga ranar da ya fara koyo har ya ajiye aiki. A ciki yake rubuta rana, da irin jirgi, da inda ya tashi da inda ya sauka, da awowin dare da na rana, da ko shi ne shugaban jirgi ko mataimaki. Ƙa'idojin hukumar jiragen farar hula ta duniya, wato OACI, suna neman awa 40 don lasin ɗin matuƙi mai zaman kansa, awa 200 don na mai tuƙin haya (ko 150 a makarantar da aka amince da tsarinta), da awa 1.500 don na matuƙin manyan jiragen fasinja. Haka kuma matuƙi ba ya ɗaukar fasinja sai ya yi tashi uku da sauka uku a cikin kwana 90 da suka wuce. Babu inda ake ganin waɗannan lambobi sai a littafin. Wanda littafinsa ya ɓace, ƙwarewarsa tana nan a hannunsa, amma ba shi da abin nuna wa hukuma ko mai ɗaukar aiki.

2.2. Littafin tafiya

Wannan shi ne «carnet de route», kuma na jirgi ne. Yarjejeniyar Paris ta 1919 ta riga ta wajabta littattafan jirgi, sannan yarjejeniyar Chicago ta 7 ga Disamba 1944 ta ambace shi a aya ta 29, cikin takardun da dole jirgi ya ɗauka idan zai ƙetare iyaka, ta kuma keɓe masa aya ta 34. Rataye na 6 na yarjejeniyar ya jera abubuwa 12 da ake so a samu a ciki. Jerin ya fara da ƙasar jirgi da lambarsa (ta Nijar tana farawa da 5U), ya bi ta sunayen ma'aikata, da wuri da lokacin tashi da sauka, ya ƙare da abubuwa biyu da za mu koma kansu a gaba: gurbin abin da ya faru ko aka lura da shi, da sa hannun mai alhaki. An kuma ba da shawara a riƙa cika shi nan take, da tawada ko fensir da ba ya gogewa, a kuma ajiye na wata shida baya.

2.3. Littattafan gyara

Gangar jirgi tana da nata littafi, inji yana da nasa («livret moteur»), farfela ma haka. A nan ake rubuta kowane dubawa da kowane ƙarfe da aka sauya. Ƙananan jirage ana duba su bayan awa 50 da awa 100. Injin PT6A da ke kan jirgin Caravan, irin wanda ake yawan gani a filayen Sahara, ana kwance shi gaba ɗaya bayan awa 3.600. Kowace sauka ita ma ana ƙirga ta, domin wasu sassa da yawan sauka suke tsufa. Jirgin da littattafan gyaransa suka ɓace yakan rasa kaso mai yawa na darajarsa, domin duk ƙarfen da ba a san shekarunsa ba sai a ɗauke shi kamar ya gama rayuwarsa.

Ya kamata a lura cewa tafiya guda tana da awowi iri biyu. Ga matuƙi, lokaci yana farawa ne tun da jirgi ya motsa da niyyar tashi har ya tsaya cak. Ga makanike, daga barin ƙasa ne zuwa taɓa ƙasa. Ke nan kalmar «awa» ma'anarta ta danganta da littafin da take ciki.

3. Wa ke magana a cikin littafin?

Nahawun Hausa yana ba mu hanya mai sauƙi ta ganin abin da ake nema daga littafin gyara. Mu duba waɗannan jimloli, waɗanda muka tsara don misali:

(1) Birki ya gyaru.
(2) An gyara birki.
(3) Wai an gyara birki.
(4) Na gyara birki, na gwada shi.

A (1) aikatau yana giredi na 7 bisa tsarin Parsons (1960): an nuna sakamako, mai aiki kuwa babu shi ko kaɗan. A (2) lamirin «an» ya yarda akwai mai aiki, amma ya ɓoye shi. A (3) «wai» ta janye mai magana daga alhakin abin da ya faɗa. A (4) ne kawai mai magana da mai aiki suka zama mutum guda da za a iya kira a tambaya. Duk tsarin littafin jirgi an gina shi ne domin a hana (1) zuwa (3) a tilasta (4). Ko da makanike ya rubuta aikin a gajarce ba tare da wakilin suna ba, sa hannunsa da lambar izininsa da kwanan wata su ne «na» ɗin jimlar.

Sa hannun da ake kira APRS («approbation pour remise en service») ya ma wuce ba da labari. Kafin a sa shi jirgi ba shi da izinin tashi, bayan an sa shi yana da izini, alhali ko ƙusa ba a taɓa ba tsakanin lokutan biyu. Wannan shi ne irin furucin da Austin (1962) ya nuna cewa faɗinsa shi ne aikata shi, kamar «na aurar» a bakin waliyyi ko «na sayar» a bakin mai kaya. Haka nan sa hannun malamin tuƙi a littafin ɗalibinsa, wanda ke ba shi damar tashi shi kaɗai, ya yi kama da ijazar da malamin zaure yake ba almajiri: ƙarfinta daga sunan mai bayarwa yake, da sunan wanda ya ba shi tasa.

Daga nan ne al'adar gyaran kuskure ta fito. Ba a gogewa, ba a shafa farin ruwa, ba a yage shafi. Ana ja wa kuskure layi guda yadda zai karantu, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu. Shafukan suna da lamba a jere. Takarda tana riƙe tarihin kanta: launin tawada, da salon hannu, da ƙurar da ta shiga tsakanin shafuka duk suna taimaka wa mai bincike ya gane ko an cika shafi goma a zama guda.

4. Abin da na'ura ta kawo

Hukumar jiragen Amurka ta fitar da jagora a kan sa hannu da ajiyar bayanai ta na'ura tun 2002, ta sabunta shi a 2016, hukumar Turai ita ma ta yarda da littafin matuƙi na na'ura. A Nijar, ANAC ce ke da ikon amincewa da tsarin da kamfani zai yi aiki da shi. Matuƙa da yawa a duniya suna amfani da manhajoji irin su LogTen da ForeFlight. Amfanin a fili yake, kuma za mu kawo guda uku.

Na farko lissafi. Awa tana da minti 60, amma hannu ya saba da goma-goma. Tafiya ta awa 2 da minti 45 da wata ta awa 1 da minti 30 sun zama awa 4 da minti 15. Wanda ya gaji ya rubuta 2,45 da 1,30 ya haɗa zai samu 3,75, lambar da ba ta dace da komai ba. Kuskure irin wannan idan ya shiga ƙasan shafi yakan bi jimla zuwa shafi ɗari na gaba. Na'ura ba ta yin sa, kuma tana faɗakarwa idan dubawar awa 100 ta kusa.

Na biyu daidaita rubutun lamba da lokaci. Mai Faransanci yana rubuta 1,5 inda mai Ingilishi yake rubuta 1.5. Kwanan wata 03/04 a Faransa 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris, kuma wata guda babban abu ne ga mai ƙirga kwana 90. Jiragen sama da agogon duniya (UTC) suke aiki, Nijar kuwa tana gaba da shi da awa guda: jirgin da ya bar Yamai da 8:10 na safe, 07:10 za a rubuta. Na'ura tana ɗora wa kowa tsari guda.

Na uku kwafi. Takarda tana ƙonewa, gara tana cin ta, kuma littafin da ke cikin jirgi yana iya halaka tare da shi. Shi ya sa tun zamanin takardar kabon ake yage kwafin shafi a bar shi ƙasa kafin tashi. Mutanen Abzin sun san ma'anar haɗari a wuri mai nisa: a duwatsunsu jirgin Mano Dayak ya faɗi ranar 15 ga Disamba 1995, filin jirgin Agadas kuma sunansa yake ɗauke da shi. A irin wannan hali abin da aka bari ƙasa yana da muhimmanci ƙwarai ga masu bincike. Na'ura tana iya aika kwafi Yamai kafin matuƙi ya fito daga kujerarsa, muddin akwai layin sadarwa.

Game da tambayarmu ta wa ya faɗi, tsari mai kyau yana iya fin takarda: yana riƙe sunan wanda ya shiga, da minti, da abin da ke rubuce kafin a gyara. Sai dai wannan ya dogara ga kalmar sirri. A garejin da mutum huɗu suke shiga da kalmar sirri guda don gudun ɓata lokaci, allo zai nuna jimla (4), amma a gaskiya (2) ce. Haka kuma hoton takarda da aka aiko ta intanet bai kai takarda ba, bai kuma kai tsarin na'ura ba. A 2023 aka gano cewa kamfanin AOG Technics na Landan ya sayar da sassan injin CFM56 da takardun shaida na jabu, har kamfanonin jirage da dama suka sauke jiragensu don a duba. Takardun suna da suna da hatimi, abin da ya rage shi ne a koma wurin mai sunan a tambaye shi.

5. Gurbin lura da harsuna huɗu

A filin Arlit ana iya jin Hausa da Tamajak a bakin masu aiki, ana rubuta littafi da Faransanci, littafin jagorar inji kuwa da Ingilishi yake, wani irin Ingilishi taƙaitacce da masana'antun jirage na Turai suka tsara a 1986, mai kalmomi na gama-gari kimanin 900, kowace da ma'ana guda. Tun Maris 2008 OACI take neman matuƙan da ke ƙetare iyaka su kai mataki na 4 a Ingilishi. Ke nan abin da kunne ya ji yana ratsa harsuna kafin ya kai shafi. Mu ɗauki wannan misali:

(5) Kamar dai injin yana ɗan kakkarwa in an rage wuta, amma ba kullum ba.

Wannan jimla tana da alamun shakka guda huɗu: «kamar», «dai», «ɗan», «ba kullum ba». A littafin takarda, gurbin lura fili ne fari, matuƙi yana iya juya jimlar zuwa Faransanci da shakkunta duka, ya ja layi ƙarƙashin kalma, ya ma zana wurin. A manhaja da yawa abin da zai fara tararwa jerin zaɓi ne: sashen jirgi, irin matsala, akwai ko babu. Idan ya zaɓi «akwai», jirgi yana iya kwana Arlit har makanike mai izini ya zo daga kilomita 800, majinyaci yana jira. Idan ya zaɓi «RAS», wato babu abin faɗi, shakkar ta mutu, matuƙin gobe ba zai san da ita ba. Goody (1977) ya nuna cewa jadawali yana tilasta wa mai rubutu ya cika kowane gurbi ya kuma ba kowane abu gida guda. Manhaja jadawali ce da ba ta da gefen shafi.

Wannan matsala ta tsarin manhaja ce, kuma tana da magani: a bar gurbin rubutu sake, a sa shi a gaba, a kuma koya wa matuƙa cewa rubuta shakka aiki ne. A nan masu nazarin harshe suna da abin yi, domin har yanzu kalmomin da makanikai Hausawa suke siffanta ƙarar inji da su (kakkarwa, gurnani, tari, shaƙewa) suna jiran a tattara su a daidaita su da na Faransanci.

6. Wurin ajiya da mai riƙe da mabuɗi

Sharaɗi na ƙarshe shi ne fito da shaida bayan shekaru. Akwai matsala ta kusa da ta nesa. Ta kusa ita ce yanayi: kamfanin Apple ya ce a yi aiki da iPad tsakanin digiri 0 da 35, Arlit kuwa a watannin Mayu da Yuni takan wuce 40 a inuwa, balle cikin jirgin da ya yini a rana. Na'urar da ta yi zafi takan kashe kanta. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba: a Nuwamba 2022 harin masu kutse ya tsayar da wasu ayyukan Jeppesen, mai ba matuƙa taswira da tsarin tafiya.

Ta nesa ta fi nauyi. Matuƙi yakan yi shekara 40 yana aiki, jirgi ma yakan kai haka. Littafin takarda na 1975 yana karantuwa yau ga duk mai ido. Faifan «disquette» na shekarun 1990 kuwa, wanda Sony ya daina ƙerawa a 2011, samun na'urar da za ta buɗe shi aiki ne. Bayan haka, bayanan manhaja ba a cikin na'urar hannu suke zaune ba, suna cikin rumbun wani kamfani, sau da yawa a wata ƙasa, kuma shiga rumbun yana bin kuɗin wata da kwangila.

Tarihin garuruwan uraniyom ya nuna yadda kamfani da kwangila suke gajerun rai. Sunan abokin hulɗa na Faransa ya sauya daga Cogema zuwa Areva, sannan Orano a 2018. COMINAK ya rufe ranar 31 ga Maris 2021. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe sararin samaniyar Nijar daga 6 ga Agusta zuwa farkon Satumba. A Disamba 2024 Orano ya sanar cewa ba shi da iko da tafiyar da SOMAÏR, a Yuni 2025 gwamnati ta mai da kamfanin na ƙasa. Ba mu kawo waɗannan don yanke hukunci a kansu ba. Abin da suke koya mana shi ne duk ma'aikacin da tarihin aikinsa yake a rumbun mai gidansa kaɗai, ranar da aka raba gari sai ya roƙi shaidar kansa. Matuƙin da ya tara awa 1.400 yana neman 1.500 bai kamata ya kasance a wannan hali ba. Littafin takarda yana cikin jakar mai shi, na na'ura kuma yana hannun mai mabuɗi, sai fa in an tanadi hanyar fito da shi.

7. Kammalawa

Mun ga cewa na'ura ta fi takarda a lissafi, da daidaita lamba, da saurin kwafi. Takarda ta fi ta a jure zafi, da karɓar shakka, da zama a hannun mai alhaki. A kan sa hannu kuwa, kowanne yana iya riƙe «na», kowanne yana iya zamewa zuwa «an». Saboda haka, ga wuri irin Arlit, muna ganin sharuɗɗa huɗu sun wajaba ga duk tsarin na'ura: kowane mutum da kalmar sirrinsa, gyara ya bar sawun abin da aka gyara, gurbin lura ya kasance sake, sannan matuƙi da mai jirgi su iya fitar da bayanansu duka, a buga su, hukuma ko malami ya sa hannu lokaci-lokaci, kwafi kuma ya zauna cikin ƙasa. Matuƙi matashi da ke tara awowi zai fi samun kwanciyar hankali idan ya riƙe biyun.

Ga sashenmu, aiki biyu ya rage. Na farko, tattara kalmomin gareji da na filin jirgi a Hausa da Tamajak, daga bakin tsofaffin ma'aikatan Arlit da Akokan tun suna nan. Na biyu, kwatanta gurbin lura na tsofaffin littattafan takarda da na manhaja, a ƙirga alamun shakka a kowanne. Muna ba ɗaliban da ke neman batun kundin digiri shawara su duba waɗannan biyun.